Tsutsa Mai Ƙaho A Gonar Dankali

Ɗalibaina sun kawo mini wata tsutsa daga gonar dankali a bakin kogi, nan Mai Wurno. Kauri kamar yatsa, ga ƙaho a wutsiya. Wai in ta taɓa mutum sai ya kumbura. To, wannan camfi ne. Ba ta cizo, ba ta da dafi, ƙahon ma ba ya harbi.

Uwarta ita ce babban ƙwaron nan mai launin toka da ke faɗo wa fitila bayan magariba, cikinsa da zane ja-ja da baƙi. Larabawa suna sa irinsa cikin "farash", kalmar da kuka sani a Suratul Ƙari'a. Masana kuma suna kiransa Agrius convolvuli.

Macen tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai a ganyen dankali, wanda maƙwabtanmu ke ce wa bambai. Bayan 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi mako 3 zuwa 4 tana cin ganye tana saɓa, har ta kai kusan santimita 10. Sai ta sauka, ta tona ƙasa, ta shige cikin ɓawo mai ruwan ƙasa. Ba ci, ba sha. A lokacin zafi, bayan mako 2 ko 3 ta fito da fukafukai da baki dogo kamar zare, wanda yakan fi jikinta tsawo, tana tsotson ruwan fure da shi.

Ba a Sinnar da Jazira kaɗai yake ba. Akwai shi a duk Afirka da Asiya har Ostareliya, kuma yakan ƙetare teku zuwa Turai.

Manomi, ga naka: in sun yi yawa suna iya cinye ganyen gona. Ka riƙa zagayawa da safe kana tsince su da hannu, kaji su samu abinci. Bayan ka tone dankali ka juya ƙasar, rana da tsuntsaye su gama da na cikin ɓawo.

Ku kuma ɗalibai, ku yi tunani. Abu ya shiga ƙasa yana rarrafe, ya fito yana tashi sama. Wanda ya ga wannan da idonsa, ina zai yi shakkar tashi daga kabari? Allah ne mafi sani.