Renon furen okid a gidan da ke da kyanwa: Abin da ya kamata a sani

A garin Potiskum na Jihar Yobe, gidaje da dama na ajiye kyanwa domin maganin ɓeraye. Wannan ne ya sa masu sha'awar shuka furanni a tukwane ke tambayar ko furen da aka kawo don ado ba zai zama ajalin dabbar gida ba.

Game da okid, akwai kwanciyar hankali. Okid dangin tsirrai ne mai nau'o'i kusan 28,000. Nau'in Phalaenopsis, wanda ya fi yawa a kasuwannin furanni, yana cikin jerin tsirran da ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta ce ba su da guba ga kyanwa. Iyakar abin da cin ganyensa da yawa kan jawo shi ne ɓacin ciki da amai.

Haɗarin yana ga tsirran da ake jerawa kusa da shi. Kariya, wadda ake shukawa saboda jajayen furanninta, tana da ruwa mai guba da ke taɓa zuciya. Furen lili kuwa, ko garin da ke cikinsa kyanwa ta lasa, yana iya kashe mata ƙoda cikin 'yan kwanaki. Haka nan maganin ƙwari mai sinadarin permethrin guba ne gare ta, don haka ba a fesa shi inda take kwana.

Babban ƙalubalen okid a Potiskum shi ne yanayi. Asalin Phalaenopsis dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, inda yake maƙale wa bishiyoyi, saiwoyinsa suna shan iska da raɓa. Ya fi jin daɗin zafin digiri 18 zuwa 29, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Potiskum kan haura 40, iskar hunturu kuma ta busar da komai. Saboda haka a cikin ɗaki ake ajiye shi, kusa da tagar gabas, inda hasken rana ba ya dukansa kai tsaye. A ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa domin samar da laima, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba.

Ana sauya masa tukunya bayan shekara 1 zuwa 2, idan furanninsa sun zube. A wannan yanki, farkon damina ya fi dacewa. Ba a dasa shi a ƙasa, domin tana toshe saiwoyin su ruɓe. Ɓawon itace, gawayi da ɓawon kwakwa ake haɗawa. A zare shi a hankali, a karkaɗe tsohon haɗin, sannan a duba saiwoyin: masu lafiya suna da tauri, kore ko fari-fari, ruɓaɓɓu kuma sun yi laushi sun yi duhu. A yanke ruɓaɓɓun da tsaftataccen almakashi, a mayar da shi tukunya mai huji wadda ta ɗara tsohuwar kaɗan. Ruwan sama ya fi masa, kuma sai haɗin ya kusa bushewa ake ƙarawa.

Sabon dashe ne kyanwa ta fi ɓarna, domin saiwoyin ba su kama ba. Tukunyar ƙasa mai nauyi ba ta saurin kifewa, rataye ta kuma ya fi tsaro. Ana iya shuka wa kyanwar alkama a wani kasko ta riƙa tauna, amma ban da dawa, wadda makiyaya suka san ɗanyen tohonta na kashe dabba.

Idan kyanwa ta fara dalalar da miyau, amai ko kasala bayan ta ci wani tsiro, a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi tare da guntun tsiron.