Haukan Kare: Rarrabe Sahihin Zance Da Ƙagen Jama'a

Daga cikin cututtukan da ɗan Adam ya yi tarayya da dabbobinsa a cikinsu, da wuya a sami wadda ake tsoro kamar haukan kare, kuma da wuya a sami wadda aka fi yin zance a kanta ba tare da hujja ba. Gama ko a zaure ne, ko a bakin kasuwa, ko a ruga, da zarar an ce kare ya ciji yaro, sai ka iske kowa ya zama likita, wannan ya ce a kashe karen a ciro hantarsa a gasa a ba yaron, wancan ya ce a ƙone gashinsa a barbaɗa a kan raunin, na uku kuwa ya ce a kwantar da hankali, ai karen gidan wane ne, kowa ya san shi. Ciwon daɗaɗɗe ne, malaman ɗibbu na Musulunci sun san shi sarai, Ibnu Sina ma ya siffanta alamominsa a littafinsa Alƙanun shekara kusan 1000 da suka shige; amma duk da haka, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, har yanzu yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 da abin ya shafa yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba.

Maganar da ta fi cika gari ita ce, wai zafin bazara ne, ko yunwa, ko ƙishirwa, ke haukata kare. Ba haka ba ne. Sababin ciwon wata ƙwayar cuta ce daga jinsin da likitoci ke kira bairos, tana zaune cikin yawun dabbar da ta kamu, ba ta kuwa shiga wani jiki sai ta hanyar cizo, ko yakushi, ko lasar da ta faɗa kan miki ko ido ko baki. Da zafi ne ke haddasa shi, da Ostareliya, ƙasar da ke da zafi da hamada da karnuka tuli, ba ta rasa shi a karnukanta ba. Alhali kuwa can ƙurewar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, ana samunsa a jikin dilolin wurin. Duk mahaukacin karen da ka gani, wata dabba ce ta sa masa.

Yadda ƙwayar ke tafiya cikin jiki shi ne tushen yawancin ruɗanin. Jijiyoyin ji take bi sannu a hankali, kamar gara cikin azara, ba zafi ba kumburi, har ta kai ga laka, sa'an nan ƙwaƙwalwa. Tafiyar kuwa galibi takan ɗauki wata 2 zuwa 3, ko da yake takan gajarta har mako guda, takan kuma tsawaita har shekara, gwargwadon nisan wurin cizon daga kai da yawan ƙwayar da ta shiga. Don haka cizon fuska da wuya da yatsu ya fi na ƙafa hatsari, yara kuwa, saboda gajartarsu, nan kare ya fi samunsu. To, ga rauni ya warke tuni, mutanen gida sun manta da zancen, sai rana ɗaya yaro ya tashi da zazzaɓi, yana sosa tsohon tabon yana cewa yana yi masa zugi, bayan kwana biyu ya fara firgita, ya kasa barci, a miƙo masa ruwa a moɗa ya miƙa hannu don ƙishirwa na cinsa, amma da ya kai baki sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture moɗar da razana. A nan ne ake cewa iska ce, ko sammu, ko kamun maye, a zargi maƙwabciyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ba wanda ya tuna da kwikwiyon da ya karce shi tun kafin damina.

Yanzu sai mu zo ga mas'alar da ta fi kowace wuyar warwarewa, watau ta hantar kare, da gashinsa, da saiwoyin da ake jiƙawa, domin masu yinsu ba da mugun nufi suke yi ba, kuma in ka yi musu inkari sai su ce mujarrabi ne, su lissafa maka mutanen da aka yi wa suka rayu har suka tsufa. Ban ƙaryata su a kan rayuwar mutanen nan ba. Abin da nake musu shi ne sababin da suka jingina ta gare shi. Mafi yawan karnukan da ke cizo ba mahaukata ba ne, tsokana ce, ko tsoro, ko jego ya sa su. Kuma ko mahaukacin ne ya yi cizon, ba kowane cizo ke shigar da ƙwayar ba, musamman idan haƙoran sun bi ta cikin wando ko zane. Ashe ke nan, da an ba su hanta, da ba a ba su kome ba, yawancinsu za su rayu da izinin Allah, sai a ba hanta ladan aikin da ba ta yi ba. Wanda kuwa ya mutu bayan wata uku ba a lissafa shi, an riga an ce iska ce ta ɗauke shi. Da irin wannan ƙiyasi ne Larabawan jahiliyya suka tabbata a kan cewa jinin sarakuna na warkar da wanda mahaukacin kare ya ciza. Hanta ba ta maganin kome a nan, mai feɗe karen kuwa, da hannunsa cikin yawu da wuƙa mai kaifi, yana kai kansa ne ga halaka.

Akwai wata magana mai ɗaci wadda ita kam gaskiya ce: idan alamomin nan suka riga suka bayyana, babu likitan Turai ko na gargajiya da ke da abin warkarwa, waɗanda suka taɓa tsira a duniya duka 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Wani zai ce, ai ya zo a hadisi cewa kowace cuta tana da maganinta. Na'am, haka ne, wannan ma tana da shi, sai dai maganin yana da lokacinsa, lokacin kuwa shi ne tsakanin cizo da isar ƙwayar ƙwaƙwalwa. Farkonsa yana cikin kowane gida: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har tsawon minti 15, sa'an nan a shafa aidin in akwai, kada a cusa barkono ko toka ko ƙasa, kada a ɗaure shi tam. Daga nan sai asibiti a ranar, don allurar riga-kafi, wadda asalinta ya koma ga Louis Pasteur na Faransa, wanda a shekarar 1885 ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, yaron kuwa ya rayu. Idan cizon ya yi zurfi, ko yana fuska, akan ƙara wani ruwan magani da ake ɗurawa cikin raunin da kewayensa, don ya tare ƙwayar kafin allurar ta soma aiki. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, mumini ba ya rabuwa da su. Abin da nake roƙo shi ne a yi su a kan hanyar asibiti, domin riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Zancen allura a cibiya, wanda ke hana mutane da yawa zuwa asibiti, rabinsa gaskiya ne. A da can lalle akan yi allura 14 ko fiye a fatar ciki, kullum ɗaya, da wani magani da ake haɗawa daga ƙwaƙwalwar dabba, mai zafi, wanda yakan jawo illa. Dattawan da ke ba da labarinsa ba ƙarya suke yi ba. Amma an sauya shi, na yanzu a dantse ake yi, ko a cinya ga jinjiri, zuwa uku ne ko huɗu ko biyar cikin wata guda, gwargwadon tsarin da likita ya bi, kuma mai ciki da mai shayarwa duk ana yi musu. Sharaɗin shi ne a cika adadin, kada a yi biyu a ce rauni ya warke. A kuma lura, allurar tetanas da ake yi wa wanda ya taka ƙusa, da kafso da ake saye a kemis, suna da amfaninsu ga raunin, amma cututtukan bakteriya suke karewa, ba su taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan. Mutum nawa ne ya koma gida da natsuwa yana cewa an yi masa allura, alhali ba ita ba ce.

Game da gane mahaukacin kare kuma akwai kuskure iri biyu. Ana cewa in ya sha ruwa to lafiyarsa ƙalau. Tsoron ruwan nan kuwa alama ce ta mutum, kare yakan tsoma baki cikin ruwa ko yana cikin ciwon. Ana kuma zaton dole sai ya yi ta gudu yana cizon duk abin da ya tarar, alhali akwai wani nau'i na shiru, wanda kare ke laɓewa a lungu, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, ƙafafun baya su mutu, har mai shi ya ji tausayi ya sa hannu ya buɗe bakinsa yana neman ƙashin da ya maƙale. Kare yakan fara zubar da ƙwayar a yawunsa 'yan kwanaki kafin a ga wani sauyi gare shi, ɗan kwikwiyo ma yana ɗauka. Shi ya sa in karen sananne ne, maimakon a rufe shi da duka, gara a ɗaure shi a ware, ana ba shi abinci ana dubawa kwana 10; in ya wuce su lafiya, to bai sa wa kowa ciwon da wannan cizon ba. Sai dai ba a jiran kwanakin kafin a fara allura. In kuwa an kashe shi, a kira malamin dabbobi, su ne suka san yadda ake aika kan zuwa ɗakin bincike, kamar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924.

Amma cewa wanda ya kamu yakan koma kare, yana haushi, har wai 'yan kwikwiyo na girma a cikinsa, wannan baɗili ne tsantsa; sautin da ake ji na maƙogwaron da ya shaƙe ne. Abin da ya fi ɓata rai shi ne, majinyacin yakan dawo hayyacinsa tsakanin farmakin ciwon, ya gane mahaifiyarsa, ya san halin da yake ciki. Bai cancanci a ɗaure shi a turken awaki ko a kulle shi shi kaɗai ba. A kai shi asibiti a sassauta masa azaba, masu jinya su kiyaye yawunsa, a zauna kusa da shi ana laƙƙana masa kalmar shahada.

Makiyaya su ma abin ya shafe su, domin duk dabba mai shayarwa tana iya kamuwa: saniya, da doki, da jaki, da raƙumi, da akuya, da kyanwa, haka nan dila da kura da tunku a daji. Kaji da tsuntsaye da macizai ba sa ɗauka. Saniyar da ta kamu takan yi ta kuka da wata irin murya, tana dalala, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, ba ta iya haɗiya, sai makiyayi ya zura hannu har gwiwar hannu cikin maƙoshinta yana laluben abin da ya shaƙe ta. Wannan al'ada a bar ta. Dahuwa tana kashe ƙwayar, hatsarin yana ga mai yanka da mai fiɗa, saboda haka dabbar da ake tuhuma ba a gaggauta sa mata wuƙa don a ceci nama. Masu ɗora laifin ga namun daji kuwa su sani, kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, sau da yawa ma karen gida ne ke kai wa na daji, kamar yadda ya auku ga kyarketan tsaunukan Bale a Habasha, waɗanda ciwon ya sha yi wa ɓarna.

Saura zancen abin da hukuma da jama'a za su yi. Duk lokacin da aka yi rashi sai a ce a zuba guba a kashe karnukan gari. Shari'a ta halatta kashe kare mai cizo, mahaukaci kuwa ba a barinsa. Amma kisan kan mai uwa da wabi an gwada shi a ƙasashe da dama bai kawar da ciwon ba, gama wasu karnukan ke shigowa su maye gurbi, gubar kuma ta haɗa da ungulu da karen da ba ruwansa. Abin da ya tabbata shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ana maimaitawa shekara shekara, sai ƙwayar ta rasa inda za ta faɗa. An yi haka a Injamena a 2012 da 2013, ciwon ya ɗauke daga karnukan birnin watanni da dama, kafin a komo da shi daga waje. A 2019 kuma aka shaida wa Meziko cewa ta kawar da mutuwar mutane da wannan ciwo ta hanyar cizon kare. Mafarauta da ke cewa allura na kashe zuciyar kare, ko ta hana shi haihuwa, ba su da hujja a kai, ba ta rage masa gudu ko jin ƙanshi, karnukansu kuwa su ne suka fi kowane haɗuwa da dila. Addini ya yarje a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, wanda ya riƙe shi kuwa amana ce a wuyansa, ya kai shi asibitin dabbobi tun yana wata 3, ya adana takardar shaidar. A wuyan mahukunta kuma akwai nasu nauyin, domin mutumin ƙauye yakan yi duk abin da aka ce, ya wanke raunin, ya sayar da akuyarsa ya hau mota, ya isa asibiti a ce masa babu allurar sai babban birni, kuɗinta kuma ya fi ƙarfinsa; wajibi ne a ajiye ta cikin sanyi a asibitin kowace ƙaramar hukuma, a kan farashin da talaka zai iya, a kuma sanar da hakimai da dagatai da limamai inda take.