Maganin fargaba: ba a yanke shi dare ɗaya

A zangunanmu na Gana, daga Nima har Aboabo, ya fi wa mutum sauƙi ya ce yana da hawan jini ko ciwon suga da ya ce yana shan maganin fargaba. Amma masu shan suna nan, ni ma ina cikinsu, shekara uku ke nan. Malamin makaranta ne ni, ba likita ba, don haka maganata ba za ta maye gurbin ta likitanka ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutanenmu ke barin wannan magani. Da wuya ka ga wanda ya bar shi da shiri. Ko kuɗi sun yanke, ko an je asibiti an ce babu, ko azumi ya kama, ko za a yi aure ba a so dangin miji su ga kwalin. Sai kawai a wayi gari an daina.

Asalinsu magungunan ciwon damuwa ne, amma ana ba mai fargaba ma: sataralin, fuluwoksetin wanda aka fi sani da Prozac, faroksetin, banlafaksin, sai tsohon nan amitiriftilin. Ba sa aiki nan take, sai an yi makonni. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitocinsu ƙa'idojin magani, ta ce mai fargaba da maganin ya karɓe shi ya ci gaba da sha aƙalla shekara guda, don dainawa da wuri kan dawo da ciwon.

Tashin zuciya da ciwon kai na makonnin farko yawanci wucewa suke yi. Waɗanda ke zama su ne ba a son faɗa: ƙiba, yawan gumi, da raguwar sha'awa ga namiji da mace. Wannan na ƙarshe fa ba ƙaramin abu ba ne a gidan aure. Miji ya yi shiru don kunya, mata ta ɗauka wata ce a waje, ko a fara zancen an yi masa asiri, alhali ƙwaya ce. Wasu kuma zuciyar kan yi sanyi ƙalau, fargaba ta tafi amma murna ma ta bi ta, a yi suna a gidanka kana ji kamar na maƙwabta ne. Duk waɗannan abin gaya wa likita ne, don yana iya rage yawan maganin ko ya canza wani. Amitiriftilin shi kuma da bushewar baki da barci da taurin ciki yake zuwa, kuma idan aka sha da yawa yana taɓa zuciya, a ajiye shi nesa da yara.

A kiyayi haɗi. Taramol da samarinmu suka mayar abin sha, idan ya haɗu da irin su sataralin yana iya kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa, har farfaɗiya. Ibufurofen da asfirin da muke saye a kemis ba tambaya su kuma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

To me ke faruwa idan an yanke? Cikin kwana biyu zuwa biyar sai jiri, rashin barci, munanan mafarkai, saurin fushi, kuka ba dalili, da wani abu kamar wutar lantarki na fizgar ka cikin kai. Ka gaya wa tsohuwarka kana jin lantarki a ka kana mugun mafarki, wallahi kafin magariba an kira mai ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yi, amma wannan jiki ne da ya saba da abu aka janye masa bagatatan. Ba maye ba ne kuma irin na taramol, tunda ba ka kwaɗayin ƙwayar, ba ka neman ƙari don jin daɗi. Faroksetin da banlafaksin sun fi tsanani saboda suna fita daga jini da sauri. Fuluwoksetin na daɗewa a jiki, nasa ya fi sauƙi kuma yakan makara kafin ya bayyana.

Da can ana cewa abin ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. A 2019 NICE ta gyara maganarta, ta yarda cewa ga wasu yana tsanani kuma yana kai watanni. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Lancet Psychiatry a 2024 ya ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida ko bakwai ne ke samun alamun saboda dainawar kanta, mai tsanani kuma kusan ɗaya cikin 35. Wato mafi yawa suna sauka lafiya, sai dai ba ka san layin da kake ba sai ka gwada.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne bambance wannan da dawowar ciwon. Alamun dainawa na zuwa da wuri, da abubuwan da ba ka taɓa ji ba kamar jirin da fizgar, kuma idan ka koma kan ƙwayar suna lafawa cikin 'yan kwanaki. Fargabar asali kuwa a hankali take dawowa, bayan makonni ko watanni, da kamannin da ka san ta da su.

Hanyar sauka ita ce ragewa kaɗan-kaɗan tare da ma'aikacin lafiya, a rage, a jira makonni jiki ya daidaita, sannan a sake. Wanda ya yi shekaru yana sha zai iya ɗaukar watanni. Abin mamaki, matakan ƙarshe ne suka fi wuya, don ɗan ƙaramin awo ma yana aiki sosai a ƙwaƙwalwa, shi ya sa sauka daga miligiram 5 zuwa babu kan fi girgiza mutum a kan daga 20 zuwa 15. Dabarar sha yau a tsallake gobe ba ta dace da masu saurin fita daga jini ba. A zaɓi lokaci kuma. Ni da nas ɗin da ke duba ni mun ajiye maganar sai an gama jarrabawar BECE, don ba lokacin da aji ke kan wuta ake gwajin ƙwaƙwalwa ba. Wasu kuma, musamman wanda ciwon ya sha dawo masa, ci gaba da sha ne ya fi masa, kamar dai mai hawan jini.

Azumi ba dalilin yankewa ba ne. Yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa, a tambayi likita tun cikin Sha'aban. Mai juna biyu ma kada ta daina da kanta, ta je a duba wanda ya dace da ita. Ba sai an tafi Pantang ko Ankaful ba. Asibitocin gundumomi da dama na da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a koma karɓar magani tun saura na mako guda a kwali. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya zo masa yayin farawa ko ragewa, musamman ɗan ƙasa da shekara 25, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta masa a kati.