Daga Buhu Zuwa Kyamara: Nazari Kan Masu Neman Macizai a Filayen Gwamnati na Amurka

Tun bayan da kyamarar zamani da wayar hannu suka shiga hannun kowa, wata sha'awa da a da ta taƙaita ga masana dabbobi da 'yan kasuwar namun daji ta bazu a tsakanin jama'ar Amurka, wato fita daji takanas domin neman macizai da ƙadangaru da kunkuru a inda suke rayuwa, a ɗauki hotonsu, a bar su nan. Wasu masu wannan sha'awa kan tuƙa mota sannu a hankali da daddare a titunan da babu zirga-zirga, saboda kwalta tana riƙe zafin rana, shi kuwa maciji jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, sai ya nemo shi daga waje. Wasu kuma yini suke yi suna ɗaga duwatsu da gumagumai da tsofaffin kwanukan rufi suna leƙa abin da ya fake a ƙarƙashi.

Tushen wannan yaɗuwa shi ne yalwar filin da kowa ke da damar shiga, domin gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da kimanin eka miliyan 640, kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙasar, mafi yawansa a jihohin yamma masu hamada da duwatsu inda masu jan ciki suke da yawa. Amma filin ya daɗe yana nan, abin da ya sauya shi ne hujja. A da, wanda ya ce ya ga wani maciji da ba a cika gani ba, shaidarsa ita ce macijin kansa, ko a raye cikin buhu ko a mace cikin kwalbar sinadari. Yanzu kuwa hoto mai ɗauke da rana da wuri ya isa, musamman tun da aka kafa manhajar iNaturalist a 2008, wadda ke tattara hotunan halittu daga jama'a, sauran masu amfani da ita su tantance sunan abin da aka ɗauka. Akwai kuma wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, shi ne ƙarancin mutuwa daga sara: macizai masu dafi suna saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara a Amurka, amma waɗanda ke mutuwa ba su cika wuce biyar ba, saboda asibiti da maganin dafi suna kusa. Manomin Kaltungo da kububuwa ke jira a kunya ba shi da wannan sararin da zai mai da maciji abin kallo.

Amfanin farko na wannan sha'awa ilimi ne ya same shi. Maciji dabba ce mai wuyar ƙirgawa, ba ya kuka kamar tsuntsu balle a ji shi, yawancin rayuwarsa kuma a ɓoye yake yin ta, don haka ƙaramar tawagar masana ba za ta taɓa kai wa inda dubban idanun masu sha'awa suke kaiwa ba. Daga hotunansu ne ake gane iyakar yankin da wani jinsi yake zaune, da lokacin fitowarsa bayan hunturu, da ɓullar baƙin jinsi a inda ba gidansa ba. Amfani na biyu, wanda ya fi wuyar aunawa, shi ne sauyin zuciya, kuma babu inda ya fi bayyana kamar wata gajeriyar hanya mai tsawon kilomita 4 a gandun dajin Shawnee na kudancin jihar Illinois, wadda aka fi sani da Hanyar Macizai. Hanyar ta ratsa tsakanin duwatsun da macizai ke kwana a cikinsu lokacin sanyi da fadamar LaRue inda suke kiwo lokacin zafi, kuma tun 1972 hukumar gandun daji take hana motoci bin ta a lokacin wannan ƙaura, a yanzu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Mayu, da kuma daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Oktoba. Wurin da a da ake take macizai da tayar mota ya zama inda iyalai ke zuwa a ƙafa daga jihohi masu nisa domin su gan su.

Sai dai hoton da ya kuɓutar da maciji daga buhu shi ne kuma yake tona asirin makwancinsa, kuma a nan babbar illar take. Masu kamun dabbobi don sayarwa suna duba shafukan da masu sha'awa ke dubawa, kuma tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan bayyana wuri: wata tsakar kogo da aka bayyana wa duniya daga kudancin Sin a 1999 ta ɓace daga inda aka fara samunta bayan da 'yan kasuwa suka bi sawun rahoton masana. A 2017 masana biyu daga Ostireliya, David Lindenmayer da Ben Scheele, sun yi kira a mujallar Science da a daina wallafa ainihin mazaunin jinsunan da ke cikin haɗari. Manhajar iNaturalist tana ɓoye wurin irin waɗannan jinsuna cikin murabba'i mai faɗin kimanin kilomita 20 a kowane gefe, amma wannan ba ya hana mai ido gane wani dutse ko wata kwanar hanya a bayan hoton. Lamarin ya fi tsanani ga maciji mai caki a wutsiya na dazuzzukan arewa maso gabashin Amurka, wanda ke komawa rami ɗaya kowane hunturu tsawon rayuwarsa, macensa kuma takan yi shekaru uku ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa, ta yadda kwashe 'yan manyan mata daga rami guda kan iya karya zuriyar wurin gaba ɗaya.

Illa ta biyu daga hannun masu kyakkyawar niyya take fitowa. Dutsen da aka ɗaga ba a mayar da shi daidai mazauninsa ba ya rasa danshi da ɗumin da suka sa ya zama mafaka, kuma binciken da aka yi a duwatsun kudu maso gabashin Ostireliya ya nuna cewa masu jan ciki suna ƙaurace wa duwatsun da aka gusar. Haka nan neman kyakkyawan hoto yakan ja mutum ya kama macijin, ya gajiyar da shi har ya naɗe ya tsaya cik, alhali ƙugiya da buhu da takalmi na iya ɗaukar ƙwayar wata cutar fata ta fumfuna, wadda aka fara lura da ɓarnarta a macizan jihar New Hampshire a 2006, daga wannan daji zuwa wancan.

Dokoki ba su tafi bai ɗaya ba, domin a manyan gandayen shaƙatawa na ƙasa an haramta taɓa namun daji ko razana su, a sauran filayen tarayya kuwa galibi dokar kowace jiha ce ke aiki, wasu ma suna neman lasisin farauta ko da hoto kawai mutum zai ɗauka in har zai kama dabbar. Tsarin Hanyar Macizai ya fi dacewa da a yi koyi da shi, inda aka bar ƙofa a buɗe ga mai kallo amma aka haramta kama dabba da shiga da ƙugiya ko buhu. Gyaran da ya rage yana hannun masu hoton, tun da babu jami'in gandun daji da zai iya hana su wallafa wurin da suka gano.