Yatsun da Wasan Besbol Ya Cinye

Da Buster Posey, mai cafe ƙwallo na ƙungiyar San Francisco Giants, ya ajiye wasa a 2021 yana ɗan shekara 34, mutane da yawa a Amurka suka ce ya tafi da wuri. Da wuri? A zamanin Nat Hicks, mai cafe ƙwallon da ya kai waɗannan shekaru da yatsunsa goma a miƙe abin kallo ne. Har yanzu ana yabon mazan jiya da suka cafe ƙwallo da hannu tsirara, ana kiran abin jarumta. Ni dai sakaci nake gani.

Hicks ya buga wasan ƙwararru daga 1872 zuwa 1877, yawanci a New York Mutuals. Kafin shi, mai cafe ƙwallo yakan tsaya can baya ya jira ta taɓa ƙasa ta sake tashi. Amma ƙwallon da mai jifa Candy Cummings ke jefawa mai lanƙwasa ce, ba ta kamuwa daga nesa. Sai Hicks ya matso dab da bayan mai bugu, ba safar hannu, ba kariyar fuska. Ƙwallo ta goge sanda ta kauce, ta sauka a hanci ko a kan yatsa. Yatsa ya karye, a ɗaure shi da tsumma, gobe a dawo fili.

Matsalar ita ce dabarar jifa ta riga kayan kariya zuwa. Doug Allison na Cincinnati ya fara sa safar fata a 1870 ne kawai saboda hannunsa ya riga ya ji rauni. Takunkumin ƙarfen da Fred Thayer na Jami'ar Harvard ya ƙirƙira, wanda Jim Tyng ya fara sawa a 1877, da farko dariya aka yi masa, ana ganin ragwanci ne. A 1884 kuma gasar National League ta halatta jifa daga saman kafaɗa, ƙarfin ƙwallo ya ƙaru, alhali tazarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu ba ta wuce ƙafa 50 ba. Kariyar ƙwauri sai a 1907 Roger Bresnahan ya shigo da ita.

Masu cewa ba rauni kaɗai ba ne ya sa masu cafe ƙwallo barin wasa da wuri suna da ɗan gaskiya: ƙungiyoyi da dama na gasar National Association ta zamanin Hicks sun rushe ana tsakiyar kaka, 'yan wasa suka koma sana'o'insu. To amma wannan ya shafi kowa a fili, ba mai cafewa kaɗai ba.

Deacon White ya fara a bayan mai bugu kamar Hicks, daga baya ya koma tsaron tasha ta uku. Ya yi wasa har 1890.