Sayen Akori-Kura Ta Hannu a Yankin Ƙauran Namoda: Abin da Za a Duba Kafin a Miƙa Kuɗi

Da zarar an gama girbi a Sakajiki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai hankali ya koma kan abin da zai kwashe gero, dawa, wake da gyaɗa zuwa Ƙauran Namoda, ko Gusau, ko kasuwar Shinkafi. Kuɗin haya yana cin riba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Shi ya sa manomi ko ɗan kasuwar da ya tara wani abu yakan fara tunanin mallakar tasa akori-kurar. A da Fijo 404 da 504 ne suka riƙe wannan aiki. Yanzu kuwa Toyota Hilux ce a bakin kowa, sai Tacoma, Nissan Frontier ko Navara, Ford Ranger, Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max.

Sabuwa dal ta fi ƙarfin yawancin mutane, don haka ta hannu ake nema: ko dai tokunbo wadda aka shigo da ita daga waje, ko wadda ta riga ta sha aiki a gida. A nan ake tafka asara. Mutum zai iya zuba kuɗin noman shekara uku a kan motar da za ta ƙare a gareji, ko a harabar kwastan. Kuma a wannan yanki, lalacewar mota da yamma a tsakanin Ƙaura da Shinkafi ko hanyar Zurmi ba zancen ɓata lokaci ba ne kawai. Kowa ya san halin tsaron da ake ciki.

Aikin da za ta yi shi ne farko

Yawancin motocin wannan aji an ƙera su ne don ɗaukar abin da bai wuce tan ɗaya ba, wato buhu goma mai kilo 100, kuma nauyin direba da fasinjoji yana cikin lissafin. Mai ƙofa biyu ta fi dogon baya, ta fi ɗaukar kaya. Mai ƙofa huɗu ta fi daɗin iyali, amma bayanta gajere ne kuma ta fi tsada. Tacoma kuwa, duk da kyan tsayuwarta, an yi ta ne don Amurkawa masu ɗaukar kayan shaƙatawa. Sifirin ɗinta ya fi taushi, abin da take ɗauka bai kai na Hilux ba. Wanda buhuna ne sana'arsa, ya san da wannan tun kafin dillali ya fara zuba masa daɗin baki.

Sai batun giyar ja huɗu. Mai bin kwalta daga Ƙaura zuwa Gusau ba ya buƙatarta. Mai shiga gona da fadama da damina, ko mai ratsa rairayin bakin gulbin Gagare, yana buƙatarta ƙwarai. Amma tsawon mota ba shaida ba ne. Akwai Tacoma da Hilux masu suna PreRunner waɗanda tsayinsu da tayoyinsu iri ɗaya ne da masu ja huɗu, alhali tayoyin baya kaɗai ke ja. A leƙa ƙarƙashi a ga ko akwai furofela mai zuwa gaba, sannan a gwada H4 da L4 a kan ƙasa ko yashi. Kada a gwada a kan busasshiyar kwalta, domin hakan na wahalar da giyar.

Fetur ko gas?

Hilux ɗin da ta fi yawa a Najeriya ita ce mai injin fetur 2TR-FE mai lita 2.7. Ba ta da zafin gudu, kuma tana shan mai idan an yi mata lodi. Amma sarƙa take amfani da ita a maimakon bel na taimin, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma duk bakaniken da ke Ƙaura ko Gusau ya san cikinta.

Masu gas na zamani, irin su 2KD-FTV mai lita 2.5 da 1KD-FTV mai lita 3.0 a ƙirar 2005 zuwa 2015, da kuma 2GD da 1GD a ƙirar da ta biyo baya, sun fi ƙarfin ja, sun fi tattalin mai. Raunin su shi ne nozul. Famfonsu yana tura gas da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, ta wasu ƙofofi da suka yi kusa da sirantar gashi. Ruwa kaɗan ko datti a cikin man da aka saya wurin 'yan bumburutu ya isa ya lalata su, kuma canza guda huɗu ba ƙaramin kuɗi ba ne. Waɗanda suka zo daga Turai a 'yan shekarun nan kuma suna da matatar hayaƙi ta DPF wadda ba ta shiri da gas mai yawan sulfa. Tsohon injin gas 5L-E marar turbo ya fi su haƙuri, sai dai ba shi da hanzari. Ga mai zama nesa da gidan mai mai aminci, injin fetur ya fi kwanciyar hankali.

Lambar shasi ba ta ƙarya, sai an taɓa ta

Kowace mota tana da lamba mai harafi da adadi 17, wadda ake kira VIN. Ana samunta a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙasan gilashin gaba a motocin Amurka, sannan a buge a jikin ƙarfen shasi. Dole duka su zo ɗaya da abin da ke cikin takardu. Idan wurin da aka buga ta ya yi santsi fiye da kewayensa, ko an yi masa sabon fenti, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ciniki ya ƙare a nan.

Haruffan farko suna faɗin inda aka ƙera ta. Hilux mai farawa da MR0 daga Tailan take, mai AHT daga Afirka ta Kudu. A motocin Amurka, harafi na goma shi ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan yana da amfani saboda sana'ar da ta yi kasuwa a Legas, Abuja da Kano, inda ake ɗaukar tsohuwar Hilux a canza mata fitilu, bamba da fuska, ta fito kamar ta bara. Kwalliyar ba laifi ba ce idan an faɗa. Laifin shi ne a sayar da ita a kuɗin sabuwa. Tambarin da ke ƙasan bel ɗin kujera ma yakan nuna shekarar da aka yi shi, kuma masu kwalliya ba su cika tunawa da shi ba.

Idan motar daga Amurka ta zo, wayar hannu za ta yi rabin aikin. A rubuta lambar a Google. Sau da yawa hotunanta na wurin gwanjon Copart ko IAA za su fito, a ga yadda take kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta. Rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda ake biya, yana nuna haɗurra da adadin tafiyar da aka rubuta mata a can. Motar da ta bar Amurka da mil 180,000 ba za ta iso Gusau da 90,000 ba sai da taimakon kwamfuta. A tuna kuma mil ba kilomita ba ne: mil 100,000 kusan kilomita 160,000 ne. Mafi muni a cikin rahoton shi ne ambaliya. Motar da ruwa ya shanye takan yi lafiya wata biyu ko uku, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaramar na'ura mai tona asiri

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai rami 16 da ake kira OBD-II, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996. Na'urar ELM327 mai Bluetooth, wadda ba ta kai kwalin ashana biyu ba, tana shiga wannan kafa ta haɗu da manhaja irin su Torque ko Car Scanner a waya. Kuɗinta bai kai na cika tanki ba.

Abin da ya fi muhimmanci ba lambobin matsala ba ne, domin mai sayarwa zai iya goge su da safe kafin mai saye ya iso. Kwamfutar mota tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma duk lokacin da aka goge matsala ko aka cire batir, sai su koma kamar ba a taɓa yi ba. Idan manhajar ta nuna da yawansu ba su kammala ba, to kwanan nan aka share wani abu. A yi tafiyar rabin awa a sake dubawa. A lura da zafin ruwan inji ma: ya kamata ya hau ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 95. Idan ya ƙi hawa, mai yiwuwa an cire tamostat, kuma wani lokaci don ɓoye zafi ake cirewa. Lamba P0420 kuwa yawanci tana nufin matatar salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta mutu ko an fasa an sayar.

Wasu Hilux da aka yi don kasuwannin Afirka da Gabas ta Tsakiya ba sa magana sosai da irin wannan ƙaramar na'ura. Ga su sai a nemi mai wayarin da ke da babbar kwamfuta ko manhajar Techstream ta Toyota. Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar komai: a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan kowace ta mutu a lokacinta. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta.

A kwanta a ƙarƙashinta

Bodi ado ne, shasi shi ne motar. Jihohin arewacin Amurka da Kanada suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe daga ciki. Matsalar ta yi wa Tacoma yawa har a 2016 Toyota ta amince da sasanci a kotun Amurka wanda ya kai kusan dala biliyan 3.4, kan tsatsar shasin Tacoma ƙirar 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Irin waɗannan motoci suna nan suna yawo a kasuwa. A ɗauki ƙaramar guduma da tocila, a bubbuga shasin tun daga gaba har wajen maƙalin sifirin na baya. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara, ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe ko ya zubo da ɓawo. Baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan abin tambaya ne.

Wadda ta yi aiki a gida kuma ba tsatsa ce matsalarta ba, lodi ne. A duba walda a shasi tsakanin kai da baya, sifirin da aka ƙara wa ganye, da bayan da ya karkace gefe ɗaya. Nissan Frontier mai giyar otomatik ƙirar 2005 zuwa 2010 tana da nata ciwon: lagireto kan fashe daga ciki, ruwa ya gauraya da man giya. Idan an buɗe murfin lagireto aka ga abu mai kauri kamar kunun gyaɗa, giyar ta kusa tafiya. Sannan a guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Alamarta takan fito a wayoyin da aka yanka aka ɗaura a ƙarƙashin dashbod, da shafar gilashi mai sharewa ta ɓangaren fasinja.

A nemi ganin motar da sassafe, injin a sanyaye. Wanda aka tarar an riga an ɗumama shi, a dawo gobe.

Takardu

Tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina ratsowa ba, wasu ba duti, wasu da takardun bogi. Kwastan ba ruwansu da cewa mai motar na yanzu hannu na uku ne. A kai takardun dutin ofishinsu a tantance da lambar shasi kafin a biya. Lambar mota kuma ana iya duba ta a shafin NVIS na hukumar kiyaye haɗurra, inshora a shafin NIID.

Hilux tana cikin motocin da ɓarayi suka fi so, kuma ita ce motar jami'an tsaro da ma'aikatu. Wadda aka ce gwanjon gwamnati ce ko na wata ƙungiya, a ga takardar gwanjon ta asali. Wadda ke da ragowar fentin sojoji ko na 'yan sanda, ko ramukan jiniya a rufi, za ta sha tambayoyi a kowane shinge daga Gusau zuwa Zurmi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa, a biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke takarda, ba na dillali ba. La'adarsa daban.

Kada kuɗin ya ƙare a wurin saye. Ko motar lafiya take, tana buƙatar sabon baƙin mai da filtoci, man giya da na aksul, kuma injin KD yana son sabon bel na taimin duk kilomita 150,000, wanda ba wanda zai iya rantsuwa an canza. Tayoyi suna ɗauke da adadi huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida ba abin ɗora wa buhu goma ba ce a zafin Afrilu. Kayan Hilux ana samunsu a Gusau, na Ranger da Navara sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, motar na zaune tana jira.

Masu sanya na'urar bin sawu su sani cewa da layin waya take aika inda motar take. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni, kuma ko yanzu akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa da zarar an bar kwalta. A zaɓi mai ajiye bayanan tafiya a cikinta har sabis ya dawo, a sa mata layin kamfanin da ya fi kamawa a hanyar da motar za ta fi bi, a kuma haɗa da ɓoyayyen makunnin yanke mai wanda direba da mai motar kaɗai suka san inda yake.