Yaya Manhaja Ke Miƙa Saƙo Ga Zuciyar Waya?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana cewa da waya yake karɓar kuɗin ciniki. Shin manhajar da ya sauke za ta iya kutsawa har zuciyar wayar?

To malam, zuciyar wayar Android ita ce ake kira kanel, wato Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finland a 1991. Ita ke juya lasifika da kyamara, ta hannun wasu sassanta da ake ce wa direbobi. Sauran manhajoji kuwa, kowace an yanka mata nata wurin ajiya, ba ta tsallake iyaka.

In manhaja tana da saƙo, sai ta faɗi inda yake da yawansa. Akwai umarni mai suna copy_from_user, shi ke tabbatarwa wurin da aka nuna ba na kanel ba ne, sannan ya kwafo saƙon zuwa ma'ajiyar direba.

Don me sai an kwafo? Ai kai ma in ka duba buhun gero ka biya, ba ka barinsa a rumfar mai shi, kada a musanya maka. Manhaja ma tana iya sauya saƙo bayan an duba.

Inda gizo ke saƙar shi ne awo. In direba ya tanadi wurin mudu ɗaya, ya yi sakaci aka zuba masa goma, sai ya malale kan bayanan da ke kusa. Waya ta tsaya cik, ko ɓarayi su sami ƙofa. Irin wannan ɓaraka na cikin abin da ake toshewa in waya ta nemi a sabunta ta, don haka kada ka ji ƙyashin datar.